Me ya sa masu POS suke cunkushewa wuri ɗaya? Lissafin "a ina za a kafa"

 Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da waɗanda suka fi son karatu a kan sauraro. Yau akwai 'yan lambobi, amma kada kowa ya gudu, tarawa da raba biyu ne kawai.

Ku duba unguwarku da kyau. Za ku ga masu POS huɗu ko biyar a bakin mahaɗa guda, lema na gogar lema, alhali in ka shiga cikin layi sai ka yi tafiyar minti goma ba ka ga ko ɗaya ba. Gidajen mai ma haka: uku suna kallon juna, sannan a yi kilomita da yawa babu. Mutum zai ce ai wannan rashin dabara ne, me zai hana su warwatsu kowa ya ci kasuwar yankinsa? To akwai fannin ilimi sukutum da aikinsa ke nan, lissafin inda shago, kamfani, asibiti ko magidanci zai zaɓa ya zauna. Yadda masu fannin suke aiki shi ne su zana wata ƙaramar duniya a takarda, su cire mata duk wata hayaniya, su bar abu biyu ko uku, sannan su ga me zai faru. Duniyar ba gaskiya ba ce, su ma sun sani. Amfaninta shi ne ta nuna maka ƙashin bayan lamarin.

Bari mu zana tamu. Titi ne miƙaƙƙe mai tsawon mita 1,000, gidaje jere daidai wa daida daga farko har ƙarshe. Masu shayi biyu ne, shayinsu iri ɗaya, kuɗin kofi ɗaya, kuma kowa a layin sai ya sha shayi da safe. Tunda babu bambanci, kowa zai je wurin wanda ya fi kusa da shi.

In da mai unguwa ne zai raba musu wuri, zai ajiye ɗaya a mita 250, ɗayan a mita 750. Kowa ya samu rabin layi. Wanda ya fi kowa wahala zai taka mita 250, matsakaicin tafiya kuma mita 125 ne. Lafiya lau.

Sai na yamma ya kwana yana tunani. Mutanen da ke bayana, in ji shi, ba su da wani mai shayi sai ni, ko na matsa dole su biyo ni. Washegari ya ja teburinsa zuwa mita 400. Yanzu iyakar da ke tsakaninsa da abokin hamayyarsa ta tashi daga mita 500 ta koma 575, wato tsakiyar 400 da 750. Ya ƙwace gidajen mita 75 ba tare da ya ƙara ko cokalin madara ba. Na gabas shi ma ba yaro ba ne, sai ya matso mita 600, iyaka ta dawo 500. Wannan ya matso, wancan ya matso, har su haɗu a tsakiyar titi, benci na taɓa benci. A nan za su tsaya, domin duk wanda ya motsa ko taku ɗaya, ɗan uwansa zai ci gaba da cin nasa rabin ya kuma haɗa da wani abu daga nashi. Irin wannan tsayuwar, inda babu wanda zai ci riba in shi kaɗai ya canza, ita masana suke kira matsayar Nash, da sunan John Nash, masanin lissafin Amurka da ya fayyace ta a 1950.

Yanzu ku duba sakamakon. Kowannensu rabin layi yake da shi, daidai da abin da yake da shi tun farko. Ba wanda ya ƙaru da ko sisi. Amma tsohon da ke ƙarshen layi yanzu mita 500 zai taka maimakon 250, matsakaicin tafiya kuma ya ninka zuwa 250. Babu mugu a cikinsu, babu wawa, kowa ya yi abin da hankali ya ba shi, amma unguwa ce ta biya.

Mai wannan tunanin shi ne Harold Hotelling, Ba'amurke, a wata maƙala da ya fitar a 1929. Shi har siyasa ya kai abin: in masu zaɓe suna jere daga wannan ra'ayi zuwa wancan, manyan jam'iyyu biyu za su riƙa matsowa tsakiya har ka rasa bambancinsu. Na bar muku wannan ku yi ta muhawara a majalisa, ni ba ruwana.

Amma fa a yi hattara, labarin yana tsaye ne a kan ƙafafun da muka dasa masa. Mun ce kuɗin kofi ɗaya ne. In aka bar su su yi gasar farashi, zama kusa da juna ya zama masifa, domin wannan zai rage naira ashirin, wancan ya rage talatin, har su cinye ribarsu. A 1979 wasu masana uku, d'Aspremont da Gabszewicz da Thisse, suka nuna cewa lissafin Hotelling yana da rami a daidai wannan wurin, kuma a wani yanayin ma masu sayarwar gudun juna za su yi, kowa ya tafi ƙarshen titi don ya tsira da farashinsa. Wannan ya sa abin ya fi kama sana'o'in da farashinsu kusan a daskare yake, kamar cajin POS, ko litar fetur a shekarun da gwamnati ce take yanka kuɗinta. Mun kuma ce kowa dole ya sha. In nisa ya sa mutanen ƙarshen layi suka fara dafa shayinsu a gida, matsowa tsakiya ta fara jawo asara, sai kowa ya ɗan ja baya.

Abin dariyar shi ne in mai shayi na uku ya zo. Su uku a tsakiya, na tsakiyarsu an matse shi, babu kowa nasa. Sai ya ɗauke tebur ya tsallaka gefe, wani ya zama na tsakiya, shi ma ya tsallaka. Lissafi ya nuna su uku ba su da matsaya kwata-kwata, haka za su yi ta zagaye. In sun kai huɗu kuwa sai a zauna lafiya, biyu a mita 250, biyu a mita 750.

To Kantin Kwari fa? Kasuwar waya ta Farm Centre fa, ko Dawanau, ko Panteka a Kaduna? Nan mutane suke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Taruwar masu shayi ba ta ƙara yawan masu shan shayi, rabon abin da ke akwai kawai ake yi. Taruwar 'yan Kwari kuwa ita ce take kawo mai saye. Wanda zai haɗa lefe ba zai sayi atamfa a shagon farko da ya gani ba, yana so ya ga zubi ashirin, ya taya a wuri biyar. Saboda haka yake tasowa daga Maraɗi ko Yola ya nufi inda ya san shaguna sun yi yawa. In ka ɗauke shagonka ka kai shi wata unguwa kai kaɗai, ka tsira daga gasa, amma ka tsira daga masu saye ma. Alfred Marshall, masanin tattalin arzikin Ingila, ya yi bayanin wannan tun 1890 yana kallon garuruwa irin su Sheffield da ta yi suna wajen ƙera wuƙaƙe: inda sana'a ta taru, ƙwararrun ma'aikata suna nan, masu kawo kayan aiki suna nan, yaro kuma yana tasowa ya iya rabin sana'ar tun kafin a zaunar da shi a koya masa. Duk wanda ya taɓa kai gyaran waya ya ga an aiki yaro shago na gaba ya karɓo sikirin cikin minti biyu, ya ga abin da Marshall yake nufi.

Akwai kuma ma'auni biyu da wani Bajamushe, Walter Christaller, ya fito da su a 1933: yawan masu sayen da sana'a take buƙata kafin ta riƙe kanta, da nisan da mutum zai yarda ya taka don wannan kayan. Ba wanda zai hau mota don ashana, shi ya sa kowane lungu da mai tireda. Gwal kuwa sai babban birni. Idan ƙauye ba shi da mutanen da za su riƙe ɗan kasuwa kullum, sai ɗan kasuwar ya riƙa yawo, masu saye kuma su tara buƙatunsu zuwa rana guda. Tushen kasuwar mako ke nan, dalilin da ya sa za ka ji an ce yau Alhamis ta Maigatari, gobe Juma'a ta Wudil.

Mu bar 'yan tebur mu koma manyan kamfanoni. Me ya sa kamfanin siminti yake Obajana a jihar Kogi, da Ashaka a Gombe, da Kalambaina a Sakkwato, amma ba a tsakiyar Kano ko Abuja ba inda ake ta gine-gine? Amsar tana wurin Alfred Weber, shi ma Bajamushe, a littafinsa na 1909. Ya ce ka auna nauyin abin da yake shiga kamfani da nauyin abin da yake fita. Kafin a samu tan ɗaya na ƙullun siminti sai an ƙona wajen tan ɗaya da rabi na kayan ƙasa, galibi dutsen farar ƙasa, sauran ya tafi a iska. Wauta ce ka biya tirela ta ɗauko maka nauyin da zai bi hayaƙi. Sai ka kafa a bakin dutsen. Rake ya fi haka tsanani: wajen tan goma ne yake ba da tan ɗaya na sukari, kuma da zarar an sare shi zaƙinsa ya fara raguwa, shi ya sa kamfanin sukari na Numan yake cikin gonakinsa. Lemon kwalba kuwa akasin haka ne. Mafi yawansa ruwa ne, ruwa kuma ana samunsa ko'ina, don haka kayan nauyi suke ƙarawa a kamfani, sai a kafa kusa da masu sha. Burodi da fiya wata ma haka, kowane gari da nasa.

In wuraren da ake jan kaya sun kai uku ko huɗu fa, ga ma'adini can, ga makamashi can, ga kasuwa can? A nan akwai wata dabara da nake jin daɗinta ƙwarai, domin ba ta buƙatar kwamfuta. Ka manna taswira a kan tebur. Ka huda rami a kowane wuri. Ka zura zare a kowane rami, a ƙasan tebur ka ɗaura masa dutse gwargwadon nauyin kayan da za a ɗauka daga can ko zuwa can, a sama kuma ka ƙulle bakin zarurrukan duka wuri ɗaya. Ka saki. Duwatsu za su yi ta ja, ƙullin ya yi ta yawo, inda ya tsaya nan ne jimillar kuɗin dako ta fi ƙanƙanta. Ana danganta wannan teburin da Pierre Varignon, masanin lissafin Faransa. Asalin tambayar ma ta girme shi: Fermat ne ya jefa ta a ƙarni na 17, Torricelli na Italiya ya warware ta ga wurare uku masu nauyi ɗaya. Hanyar da kwamfuta take bi ta lissafa ta yau, wani matashi ɗan Hangari mai suna Weiszfeld ne ya wallafa ta a 1937.

Ku riƙe abu ɗaya daga teburin nan, za mu buƙace shi an jima: in dutse guda ya kai nauyin sauran duka a haɗe, zai janye ƙullin har cikin raminsa. Babu wani tsaka-tsaki, mai nauyi ya cinye duka.

Kuma kada a ɗauka in wuri ya yi daidai an gama. Kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 yana tsakiyar masu noman tumatir, Weber da kansa zai sa hannu. Amma ya sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir, tun daga shekarar da tsutsa ta cinye gonaki, ga kuma lokutan da manomi ya ga kasuwa ta fi kamfani tsoka. Taswira ba ta san wannan ba.

Magidanci fa, shi da ba kamfani ba? Shi ma lissafin yake yi, ko bai rubuta ba. Tushen nasa yana wurin von Thünen, wani manomi a arewacin Jamus da ya shafe shekaru yana rubuta kuɗin shiga da fita na gonarsa, ya fitar da littafi a 1826. Ya nuna cewa kewayen birni zobe-zobe ne: madara da kayan lambu a kusa domin ba sa jure tafiya, sai itacen girki, sai hatsi, sai kiwo can nesa tunda dabba da ƙafarta take zuwa kasuwa. Kuɗin ƙasa yana raguwa daidai da yadda kuɗin dako yake ƙaruwa. A 1964 William Alonso ya ɗauko wannan ya ɗora a kan gidajen birni: abin da ka rage a haya, za ka biya shi a mota.

Duk mai aiki a Abuja yana kwana a Mararaba ko Masaka ko Suleja ya san karatun nan. Bari mu sa lambobin misali, ku canza su da naku. A ce ɗaki kusa da wurin aiki naira 900,000 ne a shekara, na bayan gari 300,000. Ka ga kamar ka tsira da 600,000. Amma in ƙarin kuɗin mota 2,500 ne a rana, kwana 22 a wata, a shekara ya kama 660,000. Ka riga ka faɗi, tun ba a zo maganar lokaci ba. In awa uku kake yi a hanya kullum, awa 792 ke nan a shekara, kwana 33 cur a cikin go-sulo. To me ya sa mutane suke zaɓar bayan garin duk da haka? Ba don ba su iya lissafi ba. Haya dunƙule ake biyanta, mai gida yana son ta shekara a hannu, kuɗin mota kuwa kullum ake gutsura. Wanda ba shi da 900,000 a dunƙule dole ya sayi tsada da kaɗan-kaɗan. Kuma lissafin ya faɗi abin da zai biyo baya in kuɗin mota ya tashi, kamar bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023: gidajen kusa da wurin aiki za su ƙara daraja, na nesa su rage armashi.

Yanzu mu zo inda na fi so mu daɗe. Duk waɗanda muka ambata, mai shayi, mai kamfani, magidanci, kowa aljihunsa yake dubawa, kuma ya san abin da yake nema. Amma in ƙaramin asibiti za a gina da kuɗin jama'a, me ake nema?

Ga ƙauyuka huɗu a kan hanya ɗaya, duk na misali. Na farko yana kilomita 0, mutum 4,000. Na biyu a kilomita 6, mutum 1,500. Na uku a kilomita 10, mutum 1,000. Na huɗu can kilomita 30, mutum 500. Jimilla 7,000. Kuɗin asibiti ɗaya ne kawai. A ina?

Ma'auni na farko: a rage jimillar tafiyar da jama'a za su yi. Ku tuna teburin zare. Ƙauyen farko yana da 4,000, ya fi sauran ukun a haɗe, don haka zai janye ƙullin. A gina a can. Mu gwada: 1,500 sau 6 ya ba da 9,000, 1,000 sau 10 ya ba da 10,000, 500 sau 30 ya ba da 15,000. Jimilla 34,000, in ka raba wa mutum 7,000 kowa bai kai kilomita 5 ba. Babu wani wuri a kan hanyar nan da zai ba ka ƙasa da haka. A takarda abin ya yi kyau. Amma matar da naƙuda ta kama da tsakar dare a ƙauye na huɗu, kilomita 30 ne a gabanta, kuma ma'aikatan lafiya suna cewa zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu in ba a tsayar da shi ba. Ita matsakaicin kilomita 5 bai yi mata komai ba.

Ma'auni na biyu: a rage wahalar wanda ya fi kowa nisa. Wannan zai kai ka kilomita 15, tsakiyar hanya cif, inda ba wanda zai wuce kilomita 15. Adalci, ko? To amma jimillar tafiya ta tashi daga 34,000 zuwa 86,000, matsakaici ya haura kilomita 12. Mutum 4,000 da za su iya takawa da ƙafa yanzu sai sun nemi babur. Kuma kilomita 15 ɗin daji ne, ba kowa a wurin. Wace ma'aikaciyar jinya ce za ta kwana a can? Sanannen abu ne kuma cewa zuwa asibiti yana raguwa yadda nisa yake ƙaruwa, awon ciki da rigakafi su ne farkon abin da ake bari. Wato garin ceton mutum 500 kana iya sa dubbai su daina zuwa.

Ma'auni na uku: a sa iyaka, a ce kilomita 5, wadda ake yawan amfani da ita a tsare-tsaren lafiya, sannan a nemi wurin da zai tattaro mafi yawan mutane a cikin iyakar. Amsa ita ce kilomita 5. Ƙauyen farko yana da 5, na biyu 1, na uku 5. Mutum 6,500 cikin 7,000 sun shiga. Rahoto zai ce an kai kashi 93 cikin ɗari, a tafa. Ƙauye na huɗu kuwa yana da kilomita 25, kuma a wannan ma'aunin ko 6 ne ko 60 duk ɗaya ne, tunda ya faɗa waje ba a ƙara ƙirga shi.

Kun gani? Ƙauyuka ɗaya, mutane ɗaya, lissafi uku, kowanne daidai, amsa uku: 0, 15, 5. Waɗannan ba ni na ƙirƙiro su ba. Biyun farko S. L. Hakimi ne ya tsara su a 1964 yana tunanin inda za a ajiye cibiyoyin layin tarho da ofisoshin 'yan sanda, na ukun kuma Church da ReVelle ne a 1974. Har yau da su ake tsara wurin motocin kashe gobara da na ɗaukar marasa lafiya da rumbunan kaya a ƙasashe da dama. In wuraren sun yi yawa sai kwamfuta, domin zaɓar wuri 10 daga cikin 100 kaɗai yana da hanyoyi sama da tiriliyan 17.

Ni a ganina, ga abin da ake zuwa yau da gobe kamar firamare, rijiyar burtsatse ko awon ciki, ma'auni na farko ko na uku sun fi. Ga abin da minti yake raba rai da mutuwa, dole a saurari na biyu, ko da ba gini za a kai ba: mota ce, ko ungozoma mai horo, ko gyaran hanyar. Kuna iya saɓa mini, kuma ba kwamfutar da za ta raba mu, domin wannan ba tambayar lissafi ba ce. Abin da ba na yarda da shi shi ne a ce "masana sun duba, nan ya fi dacewa" a rufe bakin kowa. Wane ma'auni suka ɗauka? Wa ya zaɓa musu shi? Balle kuma ma'auni na huɗu da muka fi sani, wanda ba ya cikin kowane littafi: garin su ciyaman, ko filin da wani babba yake so a saya. Shi ya sa za ka ga aikin mazaɓa an yi fenti an yanke kyalle, bayan shekara biyu awaki ne suke kwana a baranda.

Sannan ko an zaɓi ma'auni da gaskiya, lambobin da aka zuba su ma abin dubawa ne. Kilomita a taswira daban, kilomita a watan Agusta daban. Wani bincike da Joseph Oppong ya yi a gundumar Suhum ta Gana a shekarun 1990 ya nuna cewa wurin da ya fi dacewa da rani ba lallai ya zama shi ne da damina ba, saboda hanyoyin da ruwa yake yankewa. Duk wanda garinsu yake hayin kogi bai buƙatar a fassara masa. Akwai kuma waɗanda ba sa cikin taswirar ma sam. Lokacin yaƙi da shan inna a arewacin Najeriya, da aka koma amfani da hotunan tauraron ɗan'adam maimakon taswirar da ake zanawa da hannu, an tarar da ƙananan ƙauyuka da rugage da masu rigakafi ba sa kaiwa gare su, domin ba su a takardar kowa. A lissafi, wanda ba a ƙirga ba nauyin dutsensa sifili ne, zarensa ba ya jan komai.

Saboda haka in an zo taron unguwa ko na ƙungiyar ci gaban gari ana maganar inda za a haƙa burtsatse ko a sa taransifoma, ku da kuke da waya a hannu kuna da abin yi. Google Maps zai ba ku nisa, masu unguwanni sun san yawan gidaje, sauran tarawa ne da ninkawa. Ku kawo amsoshin ukun a takarda ɗaya ku ajiye a gaban dattawa, a yi gardamar a fili.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Ƙauyukan nan huɗu dai, amma an samu kuɗin asibiti biyu. A ina da ina za ku sa su a ma'auni na farko, a ina kuma a na biyu? Zan ɗan taimaka muku: a na farkon amsoshi sun fi ɗaya, kuma ƙauye na huɗu bai samu ko ɗaya a cikinsu ba. Ku ajiye lissafinku a kwament, da shi za mu buɗe shiri na gaba in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.